Yadda Na Rasa Gurbin Masta a Gaban Baƙon Babana

Ranar da Farfesa ya zo ofishinmu yi mana jarrabawar baki ba ta taɓa fita daga raina ba, ko da yake dole in faɗa tun farko cewa shekaru sun ɗan ja, mai yiwuwa wasu abubuwa sun cakuɗe mini. Maganganun da zan kawo ba lallai su zama kalma da kalma ba. Yawancinsu da Faransanci aka yi, wasu da yaren Sango, ni na mayar da su Hausa gwargwadon iyawata. Na rubuta wannan ne saboda ku ƙannenmu da na ji kuna shirin neman masta bana, tun da Shef ya ce ni zan yi muku bayanin sharuɗɗa. Zan yi. Amma ina ganin labarin zai fi yi muku amfani.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ofishi ne ƙarami a unguwar Kilomita Biyar a birnin Bangi, a saman wani shagon kayan gini. Aikinmu auna ruwa: ruwan sama da ya sauka, zurfin ruwa a rijiyoyi, da yadda lambatu ke cika da damina. Muna rubuta rahoto ga masu haƙa burtsatse da masu gina kwalbati. A sama akwai Shef, wato Injiniya Musa. Ƙarƙashinsa akwai babban ma'aikacin awo, sai ƙananan ma'aikata, sai masu koyon aiki. A lokacin ni ne babban ma'aikacin awo. Ƙaramina kuwa Idrisa ne.

Idrisa ɗan unguwar Miskine ne. Mahaifinsa Bahaushe ne, direban babbar mota, ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa 'yar ƙasar nan ce, don haka Sango ya fi zauna masa a baki. Hausarsa ta kan ba mu dariya, shi ma ya taya mu. Yaya yake ce mini. Yana da lisans, wato digirin farko, a ilimin ƙasa da duwatsu, yana da murya kamar mai talla a tashar mota, kuma ni na koya masa yadda ake sakin igiyar awo a rijiya ba tare da ta gogi bango ba. Ban taɓa ɗaukarsa abokin takara ba. Wannan, in na duba yanzu, shi ne farkon abin da ya sa lamarin ya yi mini ciwo.

A farkon wata damina Shef ya tara mu ya ce wata jami'a a maƙwabciyar ƙasa ta ware wa ofishinmu gurbi ɗaya, da tallafin karatu, a masta na lissafin kwaikwayon muhalli, abin da muke kira modelizasiyo. A taƙaice, ana ɗaukar abu kamar ruwan da ke bin lambatu, ko ƙazantar masai da ke tsiyaya zuwa rijiya, a rubuta halinsa da lissafi, a ba kwamfuta, ita kuma ta nuna abin da zai faru in ruwa ya ƙaru ko in an faɗaɗa kwalbati. Mu da muke auna abin da ya riga ya faru, waɗannan su ne masu faɗin abin da zai faru. Tun ina jami'a nake son wannan karatu.

Sharuɗɗan shiga, a iya abin da nake tunawa, kuma ku tabbatar domin suna iya canjawa, su ne: lisans a lissafi ko fizik ko injiniyanci, ko wani fannin kimiyya na kusa in mutum ya yi isasshen lissafi a ciki. Matsakaicin maki kada ya gaza sha biyu cikin ashirin. Dole mutum ya ci darussa huɗu a lisans ɗinsa: lissafin sauyi, wato ekwasiyo diferansiyel, wanda ke bayyana yadda abu ke canjawa da lokaci, aljabra, ƙididdiga, da rubuta umarnin kwamfuta. Wanda ya rasa ɗaya ana iya karɓarsa da sharaɗin ya ci jarrabawar cike giɓi kafin a buɗe makaranta. Sai shaidar malamai biyu, sai jarrabawar baki. Karatun kansa shekara biyu ne, zango huɗu. Shekarar farko lissafi ne da kwamfuta da ilimin ruwa da yadda gurɓata ke yaɗuwa a ruwa da iska. Ta biyu, rabinta darasi, rabinta zaman aiki a wata hukuma, sannan kundin bincike da za ka kare a gaban malamai. Tallafin kuma ba a ba wanda ya cika shekara talatin.

Wannan na ƙarshe shi ne nawa. Shekarun tashin hankali sun cinye mini lokaci, domin an daɗe ɗan Kilomita Biyar ba ya iya ƙetarawa zuwa jami'a hankali kwance. Na gama a makare. A wannan damina shekarata ashirin da tara. In ban samu a lokacin ba, to babu badi.

Amma ban damu ƙwarai ba, ko in ce damuwata ba ta wuce wadda na saba ba. Lisans ɗina na lissafi ne, makina ya haura abin da ake nema, darussa huɗun duk na ci su. Idrisa kuwa lissafin sauyinsa zango ɗaya kawai ya yi, shi ma da kyar. Shef ya ce mu nema mu biyu don kada a ce ofishi ya tura mutum ɗaya ba zaɓi. Idrisa ya yi dariya ya ce, “Yaya, ni ɗan rakiya ne. Ka je ka dawo ka zama ubangidanmu, amma ka sawo mini takalmi.”

Farfesan da ke shugabantar sashen ya zo Bangi wani taro, aka ce zai yi mana jarrabawar a ofishinmu ran Litinin. Dattijo ne, gemu fari fat, musulmi, yana jin Hausa sama-sama domin a garin 'yan kasuwa ya tashi. Ran Juma'a Shef ya kawo shi Masallacin Koudoukou. Babana, wanda ke sarin atamfa a kasuwa, ya ji labari tun kafin a tada salla. Ana sallamewa ya riƙe hannun Farfesa ya ce ba zai bar unguwar nan bai ci abincin gidanmu ba.

Farfesa ya ce, “Alhaji, zan ci, amma ka sani tuwo ba ya ƙara maki. Kuma ɗayan yaron ma a kira shi, kada ya ji an yi ban da shi.”

Baba ya ce, “Wa ya yi zancen maki? Baƙo ka zo garinmu.”

Na yi imani har ga Allah Baba bai yi don a fifita ni ba, ko kuwa in ya yi, to kaɗan ne. Aka ci tuwon shinkafa da kifin kogi. Idrisa ya ci kamar gidansu, har yana gaya wa Baba cewa miyar ta fi ƙarfin Hausarsa. Da za a tashi Baba ya dafa kafaɗata ya ce wa Farfesa, “Ga ɗanka nan, Habibu. In ya yi ba daidai ba ka tsawata masa.” Farfesa ya ce, “Ɗana ne.” Ni na zuba masa ruwan wanke hannu.

A nan sai na ɗan yi bayanin gidanmu, domin ba kowa ya tashi haka ba. A gidanmu ba a gyara wa babba magana a gaban mutane. Ba wai ana barinsa cikin kuskure ba ne, a'a, akwai hanya. Na taɓa gani da idona wani dattijo a rumfar Baba ya ɗaga atamfa ya ce wa jama'a wannan 'yar Holan ce ta asali, alhali kwaikwayo ce. Baba ya ce, “Mai yiwuwa, Alhaji, ku kuka fi mu sani.” Bayan la'asar ya ɗauki goro ya bi shi gida, su biyu kawai, ya nuna masa bakin zanen, ya hana shi sayen dila. Dattijon nan har ya rasu yana sa wa Baba albarka. Haka aka koya mana: a gaban mutane ka rufa wa babba asiri, a keɓe ka gaya masa gaskiya. Kuma in babban baƙon mahaifinka ne, abin ya ninka.

Ran Litinin da safe ni aka fara kira. A ɗakin Shef aka yi. Farfesa yana tsaye gaban allo, wata malama daga jami'ar tana kallo ta kwamfuta, Shef yana gefe a matsayin shaida, ba shi da ƙuri'a. An fara da tambayoyin darasi, na amsa, ina ganin ban yi tuntuɓe ba. Sai Farfesa ya zana dogon layi ya ce, “Wannan babban lambatun unguwarku ne. Ga ruwan sama yana shigowa ta nan da nan. A ƙarshensa, wurin kwalbatin ƙasa, ruwa yana fita abinsa babu abin da ke tare shi. Na je na gani ran Asabar. To, rubuta mini lissafin tsayin ruwa, ka gaya mini ko zai haura baki ya shiga gidaje.”

Wannan kwalbatin ni nake auna shi damina bayan damina. Yashi da leda sun cinye fiye da rabin bakinsa. In an yi ruwa mai ƙarfi ba ya fita, taruwa yake ya juyo baya, ya cika lambatun daga ƙasa zuwa sama, ya malala cikin gidajen da ke wajen unguwar Kokoro. Duk wanda ke aikinmu ya san cewa abin da ka ɗauka yana faruwa a bakin fita shi ke juya lissafin gaba ɗaya. In ka ce ruwa na fita, amsa ɗaya. In ka ce yana tarewa, wata amsa dabam.

Na dubi Farfesa. Na dubi malamar da ke cikin kwamfuta, wadda a ƙarƙashinsa take aiki. Na dubi Shef, ya sunkuyar da kai yana wasa da biro. Mutumin nan ya ce da idonsa ya gani. In ce masa bai gani daidai ba, a gaban ma'aikaciyarsa da ubangidana, shi da na zuba wa ruwan wanke hannu ran Juma'a? Na ce a raina mai yiwuwa da rana tsaka ya je, babu ruwa, ya ga kamar a buɗe yake. Na ce zan yi masa lissafin yadda ya nema, daga baya in same shi.

Na ce, “To, ranka ya daɗe, in mun ɗauka haka ne...”

Ya ce, “Ba ɗauka ba ne. Haka yake.”

Na ce, “To.”

Na cika allon. Ba yabon kai ba, ban tsammanin na taɓa yin lissafi mai tsabta kamar na ranar. Amsa ta fito cewa ruwa ba zai haura baki ba, babu gidan da zai jiƙe. Farfesa ya daɗe yana kallon allon, sannan ya juyo ya ce, “Ka gamsu da wannan, ɗana?”

Na ce, “Gwargwadon abin da aka ba ni, ranka ya daɗe, haka lissafi ya nuna.”

Ya ce, “Akwai abin da kake son ƙarawa?”

Na ce, “Sai dai godiya.”

Na fito, Idrisa ya shiga. Tsakanin ɗakin Shef da namu katako ne kawai, muryar Idrisa kuwa ba katako ba, ko bulo sai ta huda. Na ji yana kame-kame a tambayoyin darasi, har na ji tausayinsa. Sai aka zo kan lambatu. Farfesa ya maimaita maganar nan daidai yadda ya faɗa mini. Ban ji ko numfashi tsakani ba sai muryar Idrisa, da Sango ma ta fara fita: “A yeke tongaso pepe!” Wato ba haka ba ne. Sannan ya koma Faransanci ya ce, “Farfesa, ban san wane kwalbati aka kai ka ba, amma ba namu ba. Namu a toshe yake. Ruwa baya yake dawowa.”

Farfesa ya ce, “Kana cewa ban gani ba?”

Idrisa ya ce, “Ina cewa ka koma ranar da aka yi ruwa, ka sa takalmin roba. Yaya Habibu ne ya auna shi, shi ya nuna mini. In na rubuta maka yana fita, ƙarya zan rubuta.”

Na ji malamar ta yi dariya. Daga nan suka shiga lissafin tare, na ji Idrisa ya maƙale a tsakiya, Farfesa yana ja masa hannu. Bai kai ƙarshe ba. Ya fito yana share gumi ya ce, “Yaya, na faɗi warwas. Kai kuma me ka ce masa da ya kawo zancen kwalbatin nan? Tsohon nan ya ban mamaki.” Na ce masa mu yi maganar daga baya.

Da na koma gida na gaya wa Baba komai. Ya ce, “Ka yi daidai. Yaron nan marayan Allah ba wanda ya koya masa. Sa rigarka, bayan la'asar za mu je masaukinsa.” Muka sayi goro, muka hau babur biyu muka tafi. Farfesa ya karɓe mu da fara'a a barandar masauki. Bayan gaisuwa Baba ya ce yaron yana da 'yar magana, ya tashi ya koma can gefe don ya bar mu mu biyu. Na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, game da kwalbatin nan, mai yiwuwa lokacin da aka kai ka babu ruwa. A gaskiya a toshe yake, kuma amsar da na bayar da safe ba za ta tsaya ba.”

Ya ce, “Na sani. Ran Asabar na tsaya a kansa, na ga yashin, Injiniya Musa ya ce mini kai kake auna wurin. Da gangan na faɗi abin da na faɗa. Kowane ɗalibi sai na ba shi ƙarya guda a jarrabawar baki, in ga abin da zai yi da ita.”

Na ce, “Na gane tun a lokacin, ranka ya daɗe. Ban so in faɗa a gaban mutane ba ne.”

Ya ce, “Na ga fuskarka, na san ka gane. Shi ya sa na tambaye ka sau biyu. Ɗana, nima a irin gidanku na tashi, na san abin da ka yi, kuma a gida abu ne mai kyau. Amma a aikin nan, ranar da za ka zauna da minista ko babban injiniya ya ce maka ruwa na fita, a teburin za a sa hannu. Kafin ka sayi goro an ba da kwangila.”

Baba ya matso, domin ya ji muryoyi sun canja. Da ya fahimci zancen ya ce, “Farfesa, yanzu ladabi ne ya zama laifi? Ai ga shi ya zo ya faɗa.”

Farfesa ya ce, “Ya faɗa, Alhaji, na kuma ji daɗi. Amma jarrabawa ta ƙare da safe, malamar ta riga ta rubuta nata, ni na rubuta nawa. Lissafin da ɗayan ya rasa, wata uku ya isa a koya masa. Abin da Habibu ya rasa ban san zango nawa zai ɗauka ba.” Ya karɓi goron, ya raka mu har bakin ƙofa. Da muka sauka a gida Baba ya ce, “Da na sani ban kira shi cin abinci ba.” Ban tabbata hakan zai canja wani abu ba, amma ban ce masa ba.

Bayan mako biyu ko uku sakamako ya zo. An karɓi Idrisa, da sharaɗin ya ci jarrabawar cike giɓi a lissafin sauyi kafin watan Satumba. In ya faɗi, gurbin ya dawo kan na biyu. Na biyu ni ne. Shef ya kira ni ya ce, “Habibu, babu wanda zai iya koya masa sai kai. Na san abin da nake roƙonka. In ka ce a'a ba zan riƙe ka ba.” Ni da ban iya ce wa Farfesa a'a ba, ina zan iya ce wa Shef?

Ba zan ɓoye muku ba, watannin nan uku ban taɓa jin kishi irin nasu ba. Kullum bayan an tashi aiki muna zaune a gaban allon nan, ina koya wa mutum abin da in ya iya shi ya tafi da gurbina, in bai iya ba ya zama nawa. In ya yi kuskure sai in ji wani sanyi a ƙirjina, sannan in ji kunyar sanyin, sannan in gyara masa. In ya gane abu da wuri sai in ji kamar an mare ni. Na riƙa lura da abubuwan da ban taɓa lura da su ba: yadda yake tauna biro, yadda yake shiga ɗakin Shef ba sallama, yadda masu shagon ƙasa suka fara ce masa Dakta. Ni da na fi shi maki, na fi shi daɗewa, ni da na auna kwalbatin da ƙafafuna cikin ruwan ƙazanta, ba wanda ya ce mini ko Malam. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ya ambaci sunana a ɗakin. Da ya ce shi ya gano, da na samu abin riƙewa in ce ya yi mini sata. Bai bar mini ko wannan ba.

Wata rana ya ajiye alli ya ce, “Yaya, kana fushi da ni.”

Na ce, “Mai yiwuwa gajiya ce.”

Ya ce, “Ka ga irinta ko? Ko fushi ma sai ka ce mai yiwuwa. Ka zage ni mana, in samu in yi barci.”

Na ce, “Koma kan lamba ta uku, ka manta alamar ragi.”

Ya ce, “Wallahi ka fi zagi ciwo.”

Abu ɗaya zan iya tsayawa a kai ba tare da mai yiwuwa ba: ban rage masa komai ba. Duk abin da na san zai fito na koya masa, har da dabarun da ni kaina sai da na sha wuya na gano su. Ya zauna jarrabawar ta kwamfuta a ɗakin Shef, ya ci, ba da maki mai yawa ba, amma ya ci. Ya fito ya rungume ni har ya ɗaga ni sama yana cewa singila, singila, wato na gode. Na ce masa Allah ya sa albarka, kuma ina fata Allah ya karɓa, domin bakina ne ya faɗa, zuciyata tana baya tana jan ƙafa. Ya tafi a Satumba. A watan da ya biyo na cika talatin.

Na sake neman wasu wurare daga baya, ba tare da tallafi ba, amma ɗawainiyar gida ba ta bari ba. Idrisa ya yi kundinsa a kan lambatun nan, da awon da na riƙa tura masa duk damina. Yanzu, kamar yadda kuka sani, shi ke riƙe da sashen modelizasiyo a ofishinmu, ni ina nan kan awo, kuma aikinsa yana da kyau, ban da abin cewa. Mutane suna tambayata ko abin ya wuce. Ina ce musu ya ragu. Ranar da aka kira shi ya yi bayani a gaban manya, ni ina riƙe da kwamfuta ina canja masa hotuna, nakan ji kishin ya motsa. Ba na jin zai mutu kafin ni.

Abin da na koya game da wannan sana'a shi ne lissafi ba ya gardama. Duk abin da ka ba shi zai karɓa, ya dawo maka da amsa mai tsabta, ko da ƙarya ka ba shi. Saboda haka gardamar a wuyan mutum take, kuma lokacinta kafin a fara lissafi ne, a gaban ko wane ne. Ban ce ku yar da tarbiyyar gidajenku ba. Har gobe ina ganin hanyar Babana ta fi kyau a kasuwa da cikin dangi, kuma ba na son ɗana ya tashi yana ɗaga wa dattawa murya. Amma ku cika darussan nan huɗu, ku kula da shekarunku, sannan ku sani cewa a ɗakin jarrabawa za a iya miƙo muku abin da kuka san ba haka yake ba, daga bakin wanda kuke jin nauyinsa. Ana iya cewa “ba haka ba ne, ranka ya daɗe” da murya ƙasa-ƙasa. Ni ban san haka ba sai da na cika talatin.

Shef yana nan, Idrisa yana nan, sun ga abin da na gani, wataƙila sun ga wanda ban gani ba. In na kauce a wani wuri, ko na ƙara wa kaina abin da ba nawa ba, ko na rage wa wani, ina roƙon su gyara mini, haka ma duk wanda ya shaida wani ɓangare. Sai dai kada wanda ya biyo ni gida bayan la'asar. A faɗa mini a taron safiyar Litinin, kowa yana ji.